Yadda Na Shafe Rubutun Yaya Naila

Samaru, Zariya,
11 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Umaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga babban wanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rumasa'u da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a aikinka, Ya tsare ku a Fatakwal kamar yadda Yake tsare mu a nan. Mu dai lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma zuwa islamiyya da kanta, sai dai har yanzu ba ta yarda maganin asibiti ne ya yi aiki ba, wai man zafinta ne. An yi mana ruwa mai kyau ranar Talata, gari ya yi sanyi. Mangwaron tsakar gida kuwa bana ya yi abin kirki, mun ci mun raba wa maƙwabta, Inna tana ta cewa rabonka ne jemagu suke sha.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Dalilin shi ne, a waya kai ne mai magana, ni kuma aikina amsawa da to har ka gama ka kashe. Tun muna yara haka muke, ba kuma yau zan fara katse ka ba. Amma wannan maganar tana da tsawo, kuma akwai laifina a cikinta, irin laifin da ba na iya faɗa da baki. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba maƙwabcinmu da zai taho wajenku jibi. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Maganar Yaya Naila ce. Tun da likitocin ido a Kaduna suka tabbatar cewa hawan jinin ido ya cinye mata gani, ba abin da ya rage sai ɗan bambance haske da duhu, ka yanke shawarar ta ajiye koyarwa, ta rufe gidanta na Dogarawa, ta dawo Samaru ɗakin da ke jikin na Inna, kai kuma ka ɗauki nauyinta. Ban taɓa ganin laifinka ba, na san tausayi ne, ni ma bayanka na bi. Da hannuna na share ɗakin, na sa aka yi masa fenti. A can makarantarsu ta Sabon Gari ma, mai makarantar, Madam Oby, ta kira ta tun watan Disamba ta gaya mata wasu iyaye sun fara ƙorafi. Ba ta kore ta ba, don shekara goma sha tara suna tare. Ta dai ce a makon farko na zango na uku za ta zauna a ajinta tare da mutum biyu daga kwamitin iyaye, su kalli darasi guda da idonsu. In ya yi, ta ci gaba da aikinta. In bai yi ba, a yi mata walimar sallama a kawo wani. Ka kuma san tun rasuwar mijin Yaya Naila, da yaranta suka tafi karatu, ajin nan shi ne abin da ke tashinta da safe. Ranar da na gaya mata an gama fenti, cewa ta yi in gode maka ƙwarai, ɗakin zai yi wa baƙi daɗi.

Kana tuna baƙin littafin nan nata mai bangon kwali, wanda muke tsokanarta muna kiransa Kundi? Tun tana kwalejin horon malamai take tara kalmomin Turanci a ciki, kuma ba bisa harafin farko ba kamar ƙamus. Ita takan duba haruffan da kalmomi suka yi tarayya a kansu, ko a farko suke, ko a tsakiya, ko a ƙarshe, ta haɗa su wuri ɗaya ta kira wurin gida. A gidan ST akwai nest, sheƙar tsuntsu, da guest, baƙo, da harvest, girbi, da rust, tsatsa, da honest, mai gaskiya. A gaban stubborn, wato mai taurin kai, sunanka ta rubuta a matsayin misali, kuma na duba kwanan nan, yana nan ba ta goge ba. Takan ce kalma kamar mutum ce, yaro ba ya riƙe ta sai ya san gidansu da 'yan uwanta. Dokarta guda ce: ba kalmar da za ta shiga littafin ba tare da ma'anarta ba, kuma da Hausar da ake yi a kasuwa, ba ta rediyo ba. Kai da kanka da littafin nan na ƙanwarka ka gyara Turancinka lokacin da za ka sake jarrabawa, ko da yake na san ba ka son a tuna. Da idon ya tafi, littafin ya rufe mata ƙofa. Wata rana na shiga na same ta ta buɗe shi a cinya tana shafa shafukan da tafin hannu. Na koma da baya na tsaya a zaure har na gama kukana sannan na yi sallama.

Abin da ba mu sani ba, mu masu shirya mata ɗaki, shi ne tun daminar bara take hawa keke napep daga Dogarawa zuwa Basawa duk Talata da Asabar da yamma. Ba ta ɓoye ba, mu ne ba mu tambaya ba, don duk wanda ya zo wurinta idon yake tambaya. Wurin wata mata take zuwa, Malama Ƙauna Shekari, gwaggon wani tsohon ɗalibinta. Ita Malama Ƙauna ƙyanda ce ta tafi da idonta tun tana 'yar shekara huɗu, ta yi karatu a makarantar makafi, yanzu tana aiki a wata coci a can, ita ke karanta musu littafi da yatsa. Ita ce ke koya wa Yaya Naila rubutun makafi. Kayan aikin ba su da yawa: wani ɗan allo ne mai ƙananan tagogi da ake maƙala takarda mai kauri a ciki, sai ɗan tsinken ƙarfe mai mariƙin katako. Ana danna tsinken ya fitar da ɗigo a bayan takardar, kowane harafi da tsarin ɗigoginsa. Daga dama ake rubutawa, sannan a juya takardar a karanta daga hagu da kan yatsa. Na ce wa Yaya Naila wannan ai sai ya juya wa mutum kai. Ta ce ko kaɗan, duk wanda ya yi makarantar allo ya saba farawa daga dama.

Ga inda abin ya ba ni mamaki, Yaya. Ashe a rubutun makafi na Turanci, haruffan da suka cika zuwa tare ba a rubuta su ɗaya-ɗaya. ST alama guda ce, CH alama guda, OW ma haka. Hanyar da Malama Ƙauna ke koyarwa kuwa ita ce ta jera wa ɗalibi kalmomi masu alama iri ɗaya, ya yi ta shafawa har yatsansa ya gane ta ko ina ta ɓuya. Yaya Naila ta ce ranar da aka yi mata wannan bayani, dariya ta kama ta har da hawaye, don abin da ta yi shekara ashirin da wani abu tana yi ke nan ba tare da ta san wata rana yatsanta ne zai ci moriyarsa ba. Sai dai sun yi gardama. Jerin Malama Ƙauna ba ma'ana a ciki, don a ganinta yatsa ba ruwansa da ma'ana, aikinsa ya gane ɗigo. Yaya Naila ta kafe cewa ita ba za ta huda kalmar da ba za ta fassara ba. Su biyun ba mai saukowa da wuri, amma daga ƙarshe Malama Ƙauna ta bar ta, ta ce dama tun da take ba ta taɓa samun ɗaliba mai gyara wa malami darasi ba sai ita.

A nan ne aka sako ni cikin aikin. A watan Janairu Yaya Naila ta kira ni ta ce tana son ta mayar da littafin nan nata gaba ɗaya zuwa rubutun makafi, don da shi za ta tsaya gaban kwamiti, da shi kuma za ta ci gaba da koyarwa, amma tana bukatar mai karanta mata. Kullum in na tashi daga ofis, ban da ranar da take Basawa, sai in wuce Dogarawa, mu zauna a baranda tsakanin la'asar da magariba, ina karantowa tana hudawa, tsinken yana ƙas-ƙas kamar kaza na tsattsagar tsaba a faranti. Har cikin azumi ba mu fasa ba. Wallahi Yaya, ban san yayata ba sai a watannin nan. In ta yi kuskuren ɗigo guda a ƙasan shafi, ba ta yarda a bar shi, sai ta sake. Wata rana gajiya ta kama ni a gidan CH, na karanta chalk, alli, da bench, benci, sai na tsallake na faɗa ditch, kwatami, don mu gama da wuri. Ta ɗaga tsinken ta tambaye ni ina na kai branch, reshe, da ke tsakaninsu. Littafin da ta yi shekara biyu ba ta gani ba! Zuwa tsakiyar Afrilu mun kammala shafi arba'in da shida. In tana gwada karantawa a hankali take tafiya, kamar yaron da ya fara haɗa baƙi, amma tana kaiwa ƙarshen layi.

To, ga laifina. Ka san halin gidanmu da takarda mai muhimmanci. Tun zamanin Baba, duk abin da muke jin tsoron ya lalace sai an kai an liƙe shi cikin leda, abin nan da ake cewa laminatin: takardun haihuwa, takardar gona, satifiket, har katin rigakafinmu. Ni kuma ina ganin hadari ya fara haɗuwa, rufin ɗakinta yana yoyo a kusurwa ɗaya, gefen shafukan ya fara lanƙwashewa, na kuma ji Malama Ƙauna ta taɓa cewa ɗigon yana kwanciya in an cika shafa shi. Sai na ce bari in yi wa Yaya Naila abin alheri ba tare da ta sani ba. Ranar Laraba, saura kwana shida darasin, ta tafi Kaduna ganin likita tare da maƙwabciyarta. Na ɗauki makulli na kwashi shafukan na kawo Samaru shagon Chukwuebuka, inda muke kai aikin ofis. Mutumin nan, Allah Ya sani, ya yi ƙoƙari. Ya juya takardar gaba da baya, ya shafa, ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata, ya ce injin nasa zafi yake yi kuma matsewa yake. Na ce masa ni tun kafin ya buɗe shago nake aikin takarda. Ya sa su a inji, duk arba'in da shidan. Suka fito suna sheƙi, da ɗuminsu. Na ɗaga ɗaya a haske, ga ɗigogin nan ina ganinsu reras ta cikin ledar, ko ɗaya bai ɓace ba. Na ji daɗi har na sa ya haɗe min su da zoben roba. A duk tsawon hanyar Dogarawa ko sau ɗaya bai faɗo min a rai in rufe ido in shafa ba.

Da ta dawo ta huta, na ɗora mata a cinya ina murmushi, na ce ta taɓa ta ji. Ta buɗe, ta ɗora yatsa a saman shafin farko ta ja. Ta sake ja. Ta juya bayansa, ta buɗe na biyu, ta tsallaka tsakiya, ta koma na ƙarshe. Sannan ta tambaye ni a hankali wannan mene ne, ina kuma takardunta. A lokacin ne na kai nawa yatsan, na ji sumul kamar tire. Yaya, inji ya danne ɗigon duka, sai na zauna a ƙasa a gabanta. Na gaya mata abin da na yi, ina magana ina kuka. Ta ajiye shi a gefe, ta lalubi buta ta yi alwala, ta yi la'asar, ta daɗe a zaune a kan darduma, ina ganin hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba. Na so ta zage ni, da ya fi min sauƙi. Da ta shafa addu'a sai ta ce in matso. Ta tambaye ni me ya sa na yi. Na ce tsoro na ji kada ruwa ya taɓa su. Ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai, ba za ta ɓoye min ba, aikin wata uku ne. Amma ta ce tun da ta fara wannan rubutu kowa a gida kallon abin rage kewa yake yi masa, ni ce ta farko da ta ɗauke shi a matsayin abin da ya kai darajar satifiket. Daga nan ta ce in share fuska in ɗauko tsohon littafin, kuka ba zai fitar da ɗigo ba.

Washegari Malama Ƙauna ta zo Dogarawa da kanta, da sandarta. Faɗan da Yaya Naila ba ta yi min ba ita ta yi shi, ta wanke ni tas, ta ce masu ido ba su da aiki sai gyara abin da bai lalace ba. Na sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa. Sannan ta ce ita hannunta yana da sauri, a ba ta kwana uku ta sake rubuta komai. Ni har na fara hamdala, sai Yaya Naila ta ƙi. Ta ce za ta tsaya gaban iyayen yara ne ta nuna musu abin da ita za ta iya, ba abin da ƙawarta za ta iya ba, in ta shiga da rubutun wani ta yaudare su. Ta zaɓi gida ɗaya kawai, gidan OW, shafi shida. Matsalar kuma takardar rubutun ta ƙare, ba a samunta a Zariya. Na zaga shagunan unguwar PZ ina roƙon tsofaffin kalanda masu kauri, muka yayyanka su daidai allon. Kalandar ta fi takardar tauri nesa ba kusa ba, sai ta danna da ƙarfi kafin ɗigo ya fito. Abin da a da take yi a kwana goma sha biyu ta yi shi a kwana huɗu. Zuwa Litinin yatsanta na nuni ya kumbura ya yi ruwa, kuma da shi take karatu. Na ce mu roƙi Madam Oby ta ɗaga ranar, ni zan je in faɗi abin da na yi. Ta ce in ta nemi uzuri tun kafin a fara, ta riga ta ba su amsa.

Ranar Talata na ɗauki izini a ofis na raka ta. Ba a bar ni na shiga ba, sai na tsaya a bakin taga. 'Yan aji biyu ne na ƙaramar sakandare, sun kai arba'in. Madam Oby na zaune a baya, da wata Madam Eniola, da wani injiniya mai yawan duba agogo, su ne 'yan kwamitin iyaye. Yaya Naila ta shigo ta zaro zare daga jaka, ta lalubi ƙusoshi biyu da ta sa kafinta ya kafa mata a gefen allo, ta ɗaure shi ya miƙe. Da hannun hagu take bin zaren, da dama take rubutu da alli a samansa, layinta ya tafi sak kamar da. Ta rubuta OW, ta koma tebur ta ɗora yatsa a kalandarta. Window, taga. Pillow, matashin kai. Elbow, gwiwar hannu, ta sa kowa ya taɓa tasa. Narrow, matsattse, ta ce kamar lungun kasuwar Sabon Gari ranar jajibere, yara suka yi dariya. Ina ta addu'a a raina, har ta shiga shafi na uku. Nan yatsan ya tsaya. Ta ja, ta koma, ta sake ja, ina ganin yadda take cije leɓe don zafi. Injiniya ya dubi agogo, ya dubi Madam Oby. Na riƙe ƙarfen taga, na ce shi ke nan, ni na kashe mata aiki.

Sai ta ɗago kai ta gaya wa yaran gaskiya. Ta ce ita ma ɗaliba ce a wannan rubutu, ko shekara ba ta yi ba, yatsanta kuma yana ciwo, farkon wannan kalma ya gagare ta. Amma ta ce ma'anar da ta rubuta a ƙasanta ta karantu, don haka za ta ba su ma'ana su nemo mata kalmar. Ta ce abu ne da ke bin mutum in ana rana, ya gajarce da azahar, ya yi tsawo da yamma, kuma ɗan gidan OW ne. Kafin ta rufe baki aji ya ɗauka da shadow. Ta yi musu godiya kamar sun ba ta kyauta. Daga nan ba ta koma yadda ta fara ba, ta juya darasin gaba ɗaya. Ta ce launin ƙwaiduwar ƙwai, suka ce yellow. Ta ce abin da ake yi wa tuwo ba a tauna ba, suka ce swallow. Ta ce baƙin cikin da ke daɗewa a zuciya, sai wata murya ta amsa can ƙasa-ƙasa daga layin baya. Yaya Naila ta juya fuskarta daidai wurin ta kira sunan yarinyar, Sarah, ta ce ta ji ta, ta ɗaga murya kowa ya amfana. Yarinyar ta miƙe ta ce sorrow. Yaya Naila ta ce matar da mijinta ya rasu, kuma kada su wahalar da kansu neman misali, ga ta a gabansu. Suka faɗi widow a hankali, ba da ihu ba. Can sai yaran suka fara kawo nasu. Wannan ta ce rainbow, Yaya Naila ta ce sai ta faɗi ma'ana kafin a buɗe mata ƙofar gidan, ta ce bakan gizo. Wancan ya ce cow, aji ya fashe da dariya, ta ce su bar shi, saniya ma 'yar gidan ce ko da muryarta ta bambanta. Aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa, har Madam Eniola na gani ta ɗaga hannu ta manta ba ɗaliba ba ce.

A ofishin Madam Oby ba a tafa mata ba, kada ka ɗauka haka. Injiniya ya ce darasi ya yi kyau, amma wa zai duba littattafan yara? Yaya Naila ta ce tambayarsa daidai ce, ita ba za ta iya karanta rubutun hannunsu ba, ba kuma za ta yi alkawarin abin da ba za ta iya ba. Suka fitar da mu suka yi shawara kusan awa guda. Hukuncin da suka yanke shi ne, cikin azuzuwanta huɗu an bar mata biyu na ƙanana, ita ke da karatu da kalmomi, wata malama kuma ta riƙa duba rubutu, a sake zama a ƙarshen zango. Manyan azuzuwan da take shirya wa jarrabawar fita an ba wani. Wannan ya yi mata ciwo, ta faɗa min a keke muna komawa, ta ce yaran nan tun suna aji ɗaya take tare da su. Amma da muka isa gida, kafin ta cire mayafi ta ce in duba ko akwai sauran kalanda, gidan TH ne mako mai zuwa.

Yaya, ni ba wa'azi zan yi maka ba, ban isa ba, musamman bayan abin da na aikata. Amma na yi ta tunani a kwanakin nan, na ga ni da kai abu ɗaya muka so yi. Ni na ji tsoron ruwa ya taɓa takardunta na rufe su, kai ka ji tsoron wahala ta taɓa ta kana son ka rufe ta a ɗaki. Nawa na ga abin da ya haifar da idona. Don Allah ka janye maganar tasowarta. In kana son ka yi mata wani abu, ka sa a nemo mata takardar rubutun makafi a can wajenku ka taho da ita da Babbar Sallah, yatsanta ya huta da kalanda. In kuma kun yi waya, ka tambaye ta aji kafin ka tambayi ido. Ina alfahari da ita fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma na san in ka ga abin da na gani ta tagar nan kai ma haka za ka ji, ko da ba za ka faɗa ba.

Ka gaishe min da Anti Rumasa'u da kyau, ka ce mata kuka da daddawar da ta ce a aiko suna cikin ƙullin da ke tare da wannan takarda. Ka shafa min kan Ameer, Allah Ya ba shi sa'ar jarrabawa, da takwarata Nana Aisha, a ce mata ina jiran hoton kitson da ta yi min alkawari. Inna tana sa muku albarka, ta ce kada ku zo Sallah a tsaitsaye kamar bara. Malama Ƙauna ma ta ce a gaishe ka ko da ba ku san juna ba, wai ta ji labarinka a gidan ST. Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci. Na gaya wa Yaya Naila zan rubuto maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce in gaishe ka, kuma tana son jin muryarka, amma kada ka kira kafin ƙarfe biyu, tana aji.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Nana.